Babi na Shida: Inda Layin Dogo Ya Rabu Biyu

Direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Yana da abin ƙara gudu, yana da birki, amma ba shi da ikon karkata jirginsa dama ko hagu ko da taki ɗaya. Duk inda dogo ya nufa nan jirgi zai bi, da taragunsa da fasinjojinsa da buhunan da ya ɗauko. Mai zaɓa masa hanya yana ƙasa: ko ma'aikaci ne tsaye a bakin layi riƙe da liba, ko wani ne zaune a ɗaki mai nisa yana duban allo. Tsakanin wannan mutum da jirgin kuwa akwai wasu ƙarafa biyu masu motsi, da sanduna, da notuna, da wayoyi. Su ne canjin layi.

A dogon layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, kusan komai a kafe yake. Canjin layi ne kaɗai wurin da aka bar dogo ya motsa da gangan, don haka nan ne rauninsa yake. Shekaru fiye da 150 masu aikin jirgi suka kwashe suna koyon darasi ɗaya a kansa, sau da yawa bayan an yi asarar rayuka: don ka ba da umarni layi ya canza, ba shi ke nuna ya canza ba. Sai ka tabbatar.

Layi ɗaya a tsakiyar gonaki

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta layin da aka faro daga Baro a bakin Kogin Kwara. Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga zai riƙa kwasa, sai manoman ƙasar Kano suka lissafa ribarsu suka zaɓi gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, kuma don gyaɗar da fatu aka ƙara miƙa layi zuwa arewa maso gabas. Ya bi ta Jogana da Zakirai, ya wuce Ringim da Taura da Malam Madori, ya dangana da Nguru a 1930. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, irin na kusan duk tsohon layin Nijeriya.

Wanda ya san wannan yanki ya san babu dajin da layi zai ɓuya a cikinsa. Gona na jingine da gona, ana noma ta kowace damina ba a barin ta ta huta, ana ciyar da ita da takin gida da wanda jakuna ke kawowa daga birni. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna tsirowa a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. Kafin hayaƙin wani ƙauye ya ɓace maka ka hango na gaba. Kowace safiya yara 'yan makaranta, da mata masu tallan nono, da amalanken shanu, da garken awaki suna tsallaka dogo. Layin da ya ratsa irin wannan ƙasa maƙwabcin mutane ne, ko ya so ko bai so ba.

Yanzu ga sabon layi yana tafe ta arewa. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An zana shi ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar, da faɗin milimita 1,435 irin na layin Abuja zuwa Kaduna.

Tsohon da sabon sun haɗu a abu guda: layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Jirage biyu ba sa kauce wa juna kamar motoci. Dole a wasu tashoshi a shimfiɗa layi na biyu a gefe, inda ɗaya zai raɓe ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Kowane irin wannan wurin raɓewa yana da canjin layi a bakin shiga da bakin fita. Duk inda za a yi lodin hatsi ko a sauke takin zamani, shi ma sai an fitar masa da nasa reshen. Ashe ke nan amfanin layin gaba ɗaya, yawan jiragen da zai iya ɗauka a rana da kayan da zai kwashe, ya rataya ne a kan waɗannan 'yan wurare.

Harshe, hanci da leɓe

Ƙafar jirgin ƙasa tana da leɓe ta ciki, wanda ke sauka ƙasa da saman dogo kaɗan. Wannan leɓen shi ke hana ta zamewa, kuma da shi ake juya jirgi. A wurin canji akwai dogaye biyu na waje da ba sa motsi, a kira kowannensu uwar dogo. A cikinsu akwai wasu biyu da aka fiƙe bakinsu ya yi siriri, su ne harsuna. An ɗaure harsunan da sandunan ƙarfe don su riƙa tafiya tare: idan na dama ya manne da uwar dogonsa, na hagu ya buɗe ya bar wa leɓe hanya, in aka juya kuma su yi akasin haka. Mai ban-ruwa a lambu ya san wannan dabara, domin da fartanya ɗaya yake toshe wannan hanyar ruwa ya buɗe waccan, ruwan kuwa bai da zaɓi sai ya bi inda aka buɗe masa.

Tafiyar da harshe ke yi ba ta da yawa, tsakanin santimita 10 zuwa 16 ne gwargwadon ƙirar. A gaba kaɗan, inda dogon wannan layi ya gitta na wancan, akwai wani ƙarfe mai tsini, shi ne hanci. Nan ma an bar giɓi don leɓe ya wuce, aka kuma kafa gajerun dogayen tsaro daura da shi, su riƙe ɗaya ƙafar kada jirgi ya kuskure hanya a daidai giɓin.

Haɗari mafi girma yana ga jirgin da ya fuskanci bakin harsunan. Idan harshe bai manne sosai ba, leɓe na iya kutsawa tsakaninsa da uwar dogo. Sai ƙafar dama ta bi wannan layi, ta hagu ta bi wancan, jirgi ya faɗa tsakani. Haka nan in harsuna suka motsa alhali jirgi na kansu, taragun gaba su miƙe, na baya su karkata. Shi ya sa ake awon wurin da milimita. A Ingila, idan ana gwajin makullin canjin layi, akan cusa ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 3.5 tsakanin harshe da uwar dogo. In makullin ya shiga duk da haka, ya faɗi gwaji, sai an gyara.

Daga hannu zuwa waya

Da farko kowane canji yana da libarsa a gefe, da mutumin da ke juya ta. Sigina kuma daban take, da nata mai ja. Ba abin da ke hana a nuna wa direba ya taho alhali layi na kallon wani wuri, sai dai lura da natsuwar ma'aikaci. Mutum kuwa yana gajiya, yana mantuwa, barci na ɗaukarsa.

A 1856 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Saxby ya yi rajistar wata dabara: a tara libobin sigina da na canjin layi wuri ɗaya, a saƙa su da ƙarafa ta yadda za su riƙa kulle juna. Libar sigina ba za ta jawu ba sai libar canji ta zauna daidai. Da zarar an ja siginar kuma, libar canjin ta kulle, ba mai iya taɓa ta sai an mayar da sigina kan tsaya. Kamfanonin jirgi da yawa sun yi ta jan ƙafa saboda tsada, har sai da haɗarin Armagh na 1889 a Ailan ya ci rayuka 80, da yawansu yara. A shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta buɗe hanyar tilasta wa layukan fasinja wannan tsari na kulle juna, tare da birki mai kama kansa da raba layi kashi-kashi. Wannan tarbiyya ce reluwen Nijeriya ta gada.

A Amurka kuma, a 1872, William Robinson ya fito da hanyar da dogo da kansa zai faɗi ko akwai jirgi a kansa. Ana sa batir a wannan ƙarshen yanki na layi, a sa rile, wato makunni mai aiki da wuta, a wancan ƙarshen, wuta ta riƙa bi ta cikin dogayen biyu tana riƙe da rilen a ɗage. Da jirgi ya shigo, ƙafafunsa da gatarinsu na ƙarfe sai su haɗa dogayen biyu, wutar ta yanke hanya, rile ya faɗi, sigina ta koma ja. Kyawun dabarar shi ne, ko batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko dogo ya karye, sakamakon ɗaya ne: rile ya faɗi, jirgi ya tsaya. An gina abin ne ta yadda in zai lalace, ya lalace ta ɓangaren tsira. Hausawa sun riga sun faɗa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Canjin layi na zamani da mota mai lantarki yake aiki, a cikin akwatin ƙarfe a gefen dogo. Matakai huɗu yake bi, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na farko, tsarin ya duba ko akwai jirgi a wurin ko wanda aka riga aka ba hanya, in akwai ya ƙi karɓar umarni. Na biyu, motar ta buɗe makulli ta tura harsuna. Na uku, makulli ya sake shiga. Na huɗu, wasu sanduna daban da ke manne da bakin harsunan su taɓa 'yan makunnai a cikin akwatin, su aika da saƙo ta wata waya daban cewa harshe ya isa kuma ya kullu. Sai wannan saƙo ya iso ne sigina ke ba da hanya. Wayar umarni daban, wayar shaida daban. Duk tsaron ya tattara ne a wannan rabuwa.

Ranar da shaida ta yi ƙarya

Tsari mai kyau bai fi ƙarfin hannun da ya haɗa shi ba. A ranar 12 ga Disamba 1988, kusa da tashar Clapham Junction a Landan, jirage uku suka yi karo, mutum 35 suka rasu. Bincike ya gano cewa ana sabunta wayoyin sigina ne, sai mai aikin ya cire wata tsohuwar waya ta baki ɗaya kawai, ya bar ta a tuɓe ba tare da ya naɗe ta ba. Daga baya ta taɓa inda bai kamata ba, sigina ta nuna hanya a buɗe alhali jirgi na tsaye a gaba. Mutumin ya yi makonni 13 yana aiki kusan ba hutu, kuma ba wanda ya bi bayansa ya ƙirga wayoyin.

A Potters Bar, arewa da Landan, ranar 10 ga Mayu 2002, ba waya ba ce, notuna ne. Waɗanda ke riƙe da sandunan ɗaurin harsuna sun kwance, wasu sun fita. Harsuna suka motsa a ƙarƙashin jirgi mai tsananin gudu, taragon ƙarshe ya bar layi, mutum 7 suka mutu.

A Italiya, da asubahin 6 ga Fabrairu 2020, jirgi mai gudun kusan kilomita 300 a awa ya tashi daga Milan, ya kauce kusa da garin Lodi, direbobinsa biyu suka rasu. A daren an sa wa wani canjin layi sabuwar na'ura wadda aka haɗa wayoyinta na ciki a juye tun daga masana'anta. Harsuna na kallon reshe, saƙon da ya isa ɗakin kula kuwa ya ce layi a miƙe yake. Da an tsaya an dubi harsunan da ido kafin a saki layin, da an gani.

Mu ma ba mu tsira ba. Ranar 26 ga Agusta 2025 jirgin fasinja da ya tashi daga Abuja zuwa Kaduna ɗauke da mutum fiye da 600 ya sauka daga layi a tashar Asham. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an ji raunuka. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna cewa na'urar canjin layin wurin ba ta aiki, da hannu ake juya shi a ɗaure da maƙalin ƙarfe, kuma an tarar da maƙalin a karye. Layin nan a 2016 aka buɗe shi. Sabunta ba ta hana lalacewa, kula ce ke hanawa.

A duk waɗannan wurare huɗu, ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya ɓace ƙaramin aiki ne mai gundura: ƙirga waya, ɗaure noti, duba da ido, gyara abin da ya lalace maimakon a saba da shi a lalace.

Abin da ƙasarmu za ta jarraba shi da shi

Canjin layin da za a kafa tsakanin Kano da Kazaure zai gamu da abokan gaba da injiniyan Turai bai saba da su ba. Na farkonsu ƙura. Harsuna suna zamewa ne a kan faranta na ƙarfe da ake shafa wa giris. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zuba musu ƙura, iskar bazara kuma ta kwaso yashin gonakin da aka share. Giris da yashi in suka haɗu sai su zama abin da ke cin ƙarfe, motar ta riƙa wahala, wata rana ta kasa kai harshe ƙarshen tafiyarsa. A irin wannan ƙasa tsintsiya da buroshi sun fi yawan giris amfani, kuma akwai faranta masu 'yan tayoyi da aka ƙera don su yi aiki ba tare da shi ba.

Na biyu zafi. Ƙarfe na miƙewa in ya ji rana. Dogo mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai so ya ƙara kimanin santimita 3 da rabi. A nan kuwa asubahin hunturu na iya sauka ƙasa da digiri 15, azahar ɗin Afrilu ta haura 40, ƙarfen da ke kwance a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Awon da aka daidaita da sanyin safiya ba lalle ya tsaya haka da rana tsaka ba, don haka gwaji ba na lokaci ɗaya ba ne.

Na uku damina. Ruwan Agusta na wanko ƙasar gona ya cika tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, magudana su toshe, ruwa ya kwanta a gindin akwatin mota. Laima na sa wutar da ke bin dogo ta zurare, tsawa na ƙona na'urori. Ga kuma kofaton shanu da ke turo tsakuwa, da karan dawa da ledar da iska ke cusawa a bakin harshe. Dutse guda da bai kai girman goro ba ya isa ya hana layi kulluwa. Tsarin zai yi abin da ya dace, ya tsayar da jirgi. Amma in tsayawar ta yi yawa, sai a fara jin kwaɗayin kewaye na'urar a koma juyawa da hannu, a nan ne ƙofar haɗari ke buɗewa.

Na huɗu wuta da hannun mutane. Tashar da ke tsakiyar karkara ba za ta dogara da wutar gari ba, tana buƙatar batura da sola da janareta, su ma kuma suna son mai kula. Wayar tagulla da ƙarafan dogo suna da kuɗi a wurin masu sayen gwangwan, kuma hukumar jiragen ƙasa ta sha kokawa kan satar su. Babu yawan 'yan sintirin da zai tsare kilomita 284. Amma a ƙasar da kowane taki na layi yake gaban gonar wani, idanu ba su yi kaɗan ba. Manomin da aka biya diyyarsa daidai, aka bar masa mashigar da zai kai amalankensa gona, aka bar wa makiyayi burtalinsa, shi ne zai fara zuwa wurin mai unguwa ya ce ya ga baƙin fuska suna tono a bakin dogo. Wanda aka raba shi da rabin gonarsa aka toshe masa hanya kuwa, zai gani ya kau da kai.

Jirgi a kan tebur

Ta ina yaron Dambatta ko Minjibir zai fara koyon wannan sana'a? Ba za a ba shi layin gaske ya yi gwaji ba. Amma akwai wata hanya da duniya ta daɗe da sani, ita ce ƙaramin jirgin da ake shimfiɗa wa layi a kan tebur. Mafi yaɗuwarsa shi ne wanda aka rage girmansa sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5, yana tafiya da wuta ta kimanin bolt 12. A birnin Hambog na Jamus akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda irin waɗannan jirage ke zirga-zirga a kan layi mai tsawon kilomita da dama da dubban canje-canje, kwamfuta na kula da su. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar ɗaliban da aka kafa a 1946 don wannan wasa ta haɗa siginoninta da rile na tsofaffin na'urorin tarho, kuma daga cikin waɗanda suka riƙa kwanciya a ƙarƙashin teburin suna jan waya aka sami wasu daga gwanayen kwamfuta na farko.

Abin da ya sa tebur ke koyarwa shi ne, duk matsalar babban layi tana nan a ƙaramin, har da ƙari. A ƙaramin jirgi dogayen biyu su ne wayoyin wuta, ɗaya ja ɗaya baƙi, inji na shan wuta ta ƙafafunsa. To a daidai hanci, dogon da ke ɗauke da ja yana gittawa da mai ɗauke da baƙi. In aka bar su suka haɗu, wuta ta yi shot komai ya tsaya. Hanya mai sauƙi ita ce a yi hancin da roba, sai dai ƙaramin inji kan mutu in ya taka wurin a hankali, don ba wuta a ƙarƙashinsa. Hanya mafi inganci ita ce a bar hancin na ƙarfe, a yanke shi daga dogayen da ke bayansa da ɗan giɓi a kowane reshe, a ba shi tasa wayar. Wayar ta bi ta wani makunni da ke motsi tare da harsuna, ya ba hancin ja in layi ya miƙe, ya ba shi baƙi in ya karkata.

Mai koyo zai gano da wuri cewa ba a dogara da taɓawar harshe da uwar dogo don wuta ta wuce. Ƙura kaɗan ta isa ta raba su. Kowane guntun dogo a liƙa masa tasa wayar da dalma, ta sauka ƙarƙashin tebur ta haɗu da babbar waya mai kauri. Wajen motsa harsuna kuma akwai zaɓi. Akwai koyil biyu masu jan ƙarfe da maganaɗisu, suna da sauri amma taɓawa ɗaya suke so, in yatsa ya daɗe a kan maɓalli sai su ƙone. Maganin wannan a sa kafasita ta tara wuta ta sake ta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, daga nan ko an ci gaba da dannawa ba abin da zai wuce sai kaɗan. Akwai kuma ƙaramar mota mai tafiya a hankali da ke ci gaba da danne harshe bayan ya isa, da irin wadda ake sarrafawa da allon Arduino, wanda ɗalibanmu da yawa sun riga sun sani.

Babban darasin yana ga fitilar da ke kan allon mai tuƙi. Mai gaggawa zai haɗa ta da maɓallin da yake dannawa: ya danna, ta kama, ya ji daɗi. Wannan fitila ba ta faɗin komai sai abin da shi ya nufa. Mai hankali zai ja mata waya daga makunnin da ke jikin harsunan, ta yadda ba za ta kama ba sai sun isa da gaske. In ya ƙara mataki ɗaya, ya yanke wutar ɗan yankin da ke gaban canjin har sai wannan makunni ya rufe, to ya gina abin da Saxby ya gina, da hannunsa, da kayan da ba su fi ƙarfin kulob ɗin makaranta ba. Sauran kuwa tarbiyya ce: kowace waya da launinta da lambarta, kowane haɗi a zana shi a takarda, tsohuwar waya a cire ta baki biyu, wanda ya haɗa daban wanda zai gwada da mita daban.

Ba mu rasa yaran da za su iya ba. Duk wanda ya ga motar kara ko ta gwangwani da yaran ƙauye ke ƙerawa, da masu gyaran waya da sola da suka cika kasuwanninmu, ya san hannu na nan. Wuraren koyo ma akwai. Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa tana tsakiyar waɗannan gonaki tun 1977. Zariya na da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, Daura kuma, da ke kan sabon layin, na da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Abin da ya rage a haɗa su da layin da ke wucewa ta ƙofarsu: tebur guda a ɗakin gwaji, da canjin layi biyu da sigina, da malamin da zai hana a saki jirgi sai an nuna masa shaida.

Kamfanin da ya gina layi zai gama ya miƙa makullai ya tafi. Daga ranar, shekara hamsin ko fiye, wani ne zai riƙa fitowa da sassafe da tsintsiya da sifana da ma'auni, ya durƙusa a bakin harsuna, ya duba noti ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya gani ko da shugabansa ba zai so jin sa ba. Ya kamata wannan mutum ya zama ɗan yankin, wanda ya san lokacin da iska ke juyawa da inda ruwa ke kwanciya, wanda mahaifiyarsa ma jirgin za ta hau. Ya kamata a koya masa aikin tun yana yaro, a biya shi a kan kari, a ba shi kayan gyara, a kuma ba shi ikon cewa jirgi ya dakata. A babi na gaba za mu koma kan mashigai, inda dogo ke gittawa da hanyar mota da burtali, domin nan ne jirgi da mutanen karkara ke haɗuwa ido da ido.